Shugaba ya raba aiki, amma komai na dawowa teburinsa: ina gyaran yake?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san harkar tafiyar da ma'aikata ce. A ɗauka an yi wa mutum ƙarin girma, an ɗora shi kan sashe mai ma'aikata tara, alhali jiya-jiya shi ma ɗaya ne daga cikinsu. Ranar Litinin ya tara su ya raba aiki, kowa ya ce to. Kafin Alhamis rabin aikin ya dawo teburinsa. Wannan yana jira ya duba masa, wancan ya ce bai gane abin da ake so ba, na uku ya ce ai shi ya ɗauka wane ne zai yi. Ƙarshenta shugaban ne zai raba dare kan aikin da ya riga ya raba, su kuwa lokacin tashi na yi sun kama gabansu.

Abu uku nake so a fayyace mini. Ta yaya ake danƙa aiki ya zauna a hannun wanda aka ba? Sau nawa ya kamata a riƙa zama da ma'aikata, kuma na tsawon wane lokaci, don kada taro ya cinye lokacin aiki? Sannan yaya ake yi da wanda kullum aikinsa sai ya makara, musamman idan ya girmi shugaban ko ya riga shi shiga wurin? Don Allah a ba ni abin da za a iya fara aiki da shi gobe da safe. Nasihar "a yi haƙuri da juna" mun sha ta.

Dattijon_Ofis:

Wa alaikumus salam. Malam, yawancin aikin da ke dawowa ranar Alhamis tun Litinin ya lalace, a cikin minti biyun da aka yi ana miƙa shi. "To" ɗin da ma'aikaci ke faɗa a taro alama ce ta cewa ya ji ana magana, kuma ba ya so ya zama shi kaɗai mai tambaya a gaban jama'a. Ganewa kuwa sai an gwada kafin a tabbatar.

Kafin aiki ya bar hannun shugaba, abu biyar za su fito fili. Na farko sunan mutum ɗaya. Ko da mutum huɗu ne za su sa hannu, a san wa za a tambaya idan aikin bai fito ba. Da zarar an ce "ku biyu ku duba wannan", kowanne zai jingina da ɗan'uwansa. Tun 1913 wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa awon da ya yi wa mutane suna jan igiya, inda ya gano cewa duk sa'ad da masu ja suka ƙaru, ƙarfin da kowane ɗaya ke sakawa raguwa yake yi. Na biyu, kamannin aikin idan an gama. "Ka haɗa rahoton wata" umarni ne mai fuska goma. Amma idan aka ce "shafi biyu, da jadawalin kuɗin shiga da na fita, a kwatanta da watan jiya, shugaban sashen kuɗi ne zai karanta", to fuska ɗaya gare shi. In akwai tsohon aiki mai kyau irinsa, a miƙa masa ya gani da ido, ya fi dogon bayani. Na uku wa'adi mai rana da ƙarfe, kamar "Laraba ƙarfe 2". "Cikin satin nan" da "da wuri" kowa da fassararsa. Na huɗu dalilin aikin, a jimla ɗaya, domin wanda ya san dalili zai iya yanke ƙananan shawarwari da kansa idan ya ci karo da abin da ba a faɗa masa ba.

Na biyar shi ne wanda sababbin shugabanni suka fi mantawa, wato iyakar ikon wanda aka ba aikin. Iko hawa-hawa ne. Akwai "ka bincika ka kawo mini bayani, ni zan yanke". Akwai "ka kawo zaɓi biyu ko uku, ka faɗi wanda kake ganin ya fi". Akwai "ka yanke, amma ka sanar da ni kafin ka zartar". Akwai kuma "ka zartar, na ji a rahoton mako". Idan shugaba bai faɗi matakin ba, ma'aikaci mai hankali matakin ƙasa zai ɗauka, domin a nan ne ba za a ɗora masa laifi ba. Sai shugaba ya riƙa ƙorafin mutanensa ba sa motsi sai an tura su, alhali shi ne bai kwance musu dabaibayi ba. Sabon ma'aikaci ko sabon nau'in aiki a fara da mataki na biyu. Idan sau uku ko huɗu a jere zaɓinsa ya yi daidai, a ɗaga shi zuwa na uku, kuma a faɗa masa da baki cewa an ɗaga shi.

Bayan an gama bayani, kada a tambaye shi "ka gane?", domin amsar kullum e ce. A ce masa ya maimaita yadda ya fahimci aikin, da abin da zai fara yi. Haka matuƙan jirgin sama suke yi da masu ba su umarni daga hasumiya: duk umarni mai muhimmanci sai an maimaita shi da baki, don a kama kuskure tun yana kunne. Daga nan shi ma'aikacin ya rubuta layi uku ya turo, aikin da wa'adinsa da matakin ikonsa. Shi ya rubuta, kada shugaba ya rubuta masa, domin a rubutunsa ne za a ga inda fahimta ta karkace.

Yanzu ga yadda aiki ke komawa sama. A 1974 William Oncken da Donald Wass sun kwatanta shi a mujallar Harvard Business Review da biri a kafaɗa. Ma'aikaci ya tare shugaba a hanya da matsala, birin na kafaɗarsa. Shugaba na cewa "bari in duba, zan neme ka", biri ya yi tsalle ya koma kafaɗar shugaba, kuma daga wannan lokaci ma'aikacin ne zai riƙa leƙowa yana tambayar oga ko an duba. Mutum tara, kowa ya sauke biri biyu a mako, ka ga birai goma sha takwas kan mutum ɗaya. Maganinsa shi ne kowace irin wannan magana ta ƙare da mataki na gaba a hannun ma'aikacin. A tambaye shi me ya riga ya gwada, me yake ganin ya dace, me yake buƙata daga shugaba wanda shi ba zai iya samu da kansa ba. In sa hannu ne ko buga waya ga wani babba, a yi nan take a gabansa, aikin ya koma inda ya fito.

Sannan a sa ranar leƙawa tun ranar da aka ba da aikin. Aikin kwana goma mai sabon salo, a leƙa a rana ta biyu ko ta uku a ga tsarin da ya ɗauko. A lokacin idan ya kauce hanya asarar kwana biyu ce. Idan aka jira rana ta tara, sai dai shugaba ya karɓe ya yi da kansa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu kuma da ke da wuya ga wanda ƙwarewarsa ce ta kai shi kujerar: aikin da ya cika sharuɗɗa amma ba da salonka aka yi ba, ka bar shi ya wuce. Shugaban da ke sake rubuta aikin mutanensa a ɓoye yana koya musu ne su riƙa kawo masa ɗanyen aiki, tun da sun san za a sake. In akwai gyara, a mayar wa mai aikin da bayanin abin da za a gyara. Abin da ba a danƙa wa kowa shi ne tsawatarwa, da kimanta ma'aikata, da isar da labari mara daɗi. Waɗannan na shugaba ne shi kaɗai.

Hajiya_Mai_Jadawali:

Dattijo ya gama da batun miƙa aiki, ni bari in taɓa yawa da lissafi, don sau da yawa an miƙa aikin yadda ya kamata amma ya fi ƙarfin makon.

Ɗan'uwa, fara da ƙirga hanyoyin magana. Mutum biyar, hanyoyin da ke tsakanin kowane biyu guda goma ne. Mutum goma, wato tara da shugabansu, hanyoyi 45 ne. Ana ninka yawan mutane da yawansu ban da ɗaya, a raba biyu. Mutane sun ninka sau biyu kawai, hanyoyi sun ninka fiye da sau huɗu, kuma a kan kowace hanya saƙo na iya faɗuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin kwamfuta na IBM, ya rubuta a 1975 cewa ƙara mutane kan aikin manhaja da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Saboda haka a kasa mutum taran nan gida biyu ko uku bisa nau'in aiki, kowane rukuni da wanda ake tuntuɓa.

Sai allo. Na bango ko na kwamfuta duk ɗaya ne, muddin kowa na ganinsa. A ja layi huɗu: masu jira, waɗanda ake yi, waɗanda ke jiran dubawa, waɗanda aka gama. Kowane aiki kati ɗaya, ɗauke da sunan mai shi da wa'adi. Asalin dabarar daga masana'antar Toyota ne, inda Taiichi Ohno ya tsara amfani da kati don kada a ƙera abin da sashe na gaba bai nema ba. Ƙa'idar da ke sa allon ya yi amfani ita ce iyaka: kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da kati biyu a layin "ana yi". Ba ya ɗaukar na uku sai ɗaya ya fita.

Dalilin lissafi ne tsagwaronsa, John Little ya tabbatar da shi a 1961. Matsakaicin lokacin da aiki ke ɗauka daidai yake da yawan ayyukan da ke buɗe a raba da yawan waɗanda ake gamawa. Idan sashe na da ayyuka 36 a buɗe kuma yana gama 12 a mako, kowane aiki zai kwashe kimanin mako uku, komai zafin naman ma'aikata. A rage na buɗe zuwa 18, mutanen nan dai, ƙwazon nan dai, sai aiki ya riƙa fita a mako ɗaya da rabi. Shi ya sa tsawa ba ta rage makara idan shugaba na ci gaba da buɗe sababbin ayyuka kowace safiya. Kuma idan na sama suka jefo aikin gaggawa, a nuna musu allon a tambaye su wanne za a dakatar. Tambayar nan na rage "gaggawa" sosai.

A lura da layi na uku. A yanayin da aka bayyana, ina kyautata zaton a nan katuna za su taru, suna jiran shugaba ya duba. To, ya ware lokaci tsayayye, misali minti 45 da safe da minti 30 da yamma, na dubawa kaɗai, ya kuma yi alkawarin babu katin da zai wuce kwana ɗaya a layin. Ayyukan da kuskurensu bai da tsada, abokin aiki ya duba wa abokinsa.

Game da cika mako: wanda ke aikin awa 40, kada a tsara masa awa 40. Taro, amsa saƙonni, tambayoyin abokan aiki da abin da ya taso ba zato duk suna cin rabonsu. Ni shawarata a tsara kimanin awa 30, a bar sauran. Jadawalin da aka cika maƙil, ranar da mutum ɗaya ya kwanta rashin lafiya ya rushe.

Taro kuma a riƙa lissafa shi da awannin mutane. Zaman awa ɗaya na mutum goma awa goma ne, ya fi aikin yini guda na mutum ɗaya. Iri uku sun isa. Akwai tsayuwar safe a gaban allo, minti 10 zuwa 15, a tsaye ake yi don kada ta yi tsawo. Katuna ake bi, a fara daga waɗanda suka kusa fita, tambayar ita ce me ya tare wannan. Duk maganar da ta shafi mutum biyu kaɗai a ɗage ta su yi bayan an watse. Akwai zaman mako na minti 45, da ajanda da aka tura tun jiya, a rufe shi da karanta wa zai yi me, zuwa yaushe. Zaman da aka tashi ba wannan jerin, hira aka yi. Na uku ganawar mutum biyu, shugaba da ma'aikaci ɗaya, minti 30 duk mako biyu. Ga mutum tara awa huɗu da rabi ke nan a mako biyu. Ita ce aka fi sokewa idan aiki ya yi yawa, kuma ita ce bai kamata a soke ba, domin abin da mutum ba zai faɗa a gaban tara ba a nan yake faɗa. Ma'aikacin ne zai zo da abin da za a tattauna, shugaba ya fi yawan sauraro.

Mai_Neman_Sani:

Na gode Dattijo, na gode Hajiya, Allah ya ƙara sani. Lissafin 36 da 12 ɗin nan ya buɗe mini ido. Saura batun mai makara. A ce an yi duk wannan, katinsa biyu ne kacal, wa'adi a rubuce, amma har yanzu nasa ne ke kwana a allo. Ga shi babba ne, kowa na jin nauyinsa.

Malam_Sashen_Ma'aikata:

Kafin in amsa, ina da ɗan ja da Hajiya kan tsayuwar kullum. Tana da amfani inda aikin wannan ke jiran na wancan. Inda kowa ke nasa aiki daban, kamar masu karɓar koken abokan ciniki ko masu shigar da bayanai, tsayuwar kullum takan rikiɗe ta zama kiran suna, mutane su riƙa ƙirƙiro abin faɗa. A irin wannan wuri sau biyu a mako ya wadatar.

To, mai makara. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilan ba sa wuce huɗu: bai san ainihin abin da ake so ba, ko bai iya ba, ko wani abu ya tare shi, ko ba ya so. Kowanne da maganinsa, kuma maganin ɗaya kan ƙara wa ɗaya ciwo. Wanda bai iya sabuwar manhaja ba, kuma girma ya hana shi tambayar yaran da ya koya wa aiki, idan aka ba shi takardar gargaɗi sai ya ƙara ɓoyewa. Wanda kuma ba ya so, ko sau nawa aka tura shi horo haka zai dawo. Tambayar da ke rarrabewa ita ce: ya taɓa yin irin wannan aiki daidai kuma a kan lokaci? Idan ya taɓa, iyawa na nan, a nemi abin da ya sauya da lokacin da ya sauya. Kada a yi mamaki idan lokacin ya zo daidai da ranar da aka ba wani kujerar da yake ganin tasa ce.

Maganar a keɓe ake yin ta, cikin kwana ɗaya ko biyu da faruwar abin, kada a tara sai ƙarshen shekara. Shugaba ya shiga da ranaku a hannu: aiki kaza wa'adinsa 4 ga wata ya fito 9, na biyu wa'adinsa 15 ya fito 18, na uku har yau. Ya faɗi abin da makarar ta jawo, misali sashen kuɗi ya rufe lissafi ba tare da alƙaluman sashen ba, ko wance ta zauna bayan tashi tana cike giɓi. Kalmomin "kullum" da "ba ka taɓa" a bar su a waje, domin da zarar an faɗe su zai kawo rana ɗaya da ya cika alkawari, magana ta koma musu. Haka nan kada a taɓa hali. "Ba ka da himma" hukunci ne da ba a iya aunawa, "ya makara kwana biyar" kuwa kowa na iya ƙirgawa. Daga nan a tambaye shi me ke faruwa, a yi shiru. Shirun nan ne ke gagarar sababbin shugabanni, sai su cike shi da ba da haƙuri har su janye maganar da suka zo da ita.

A tashi da yarjejeniya ƙarama mai aunuwa: ayyuka biyu masu zuwa, ranakunsu, taimakon da shugaba zai bayar, da sharaɗin cewa idan ya hango ba zai cika ba ya faɗa kwana biyu kafin wa'adi. A sa ranar sake zama bayan mako biyu. A tura masa taƙaitaccen rubutu a ranar, a ajiye kwafi.

Batun girma kuwa, a ba shi girmansa a gaisuwa, a lafazi, a wurin zama, da neman shawararsa kan abin da ya fi kowa sani, kuma a yi hakan da gaske, don wanda ya daɗe a wuri ya san ramukan da sabon shugaba bai sani ba. Amma wa'adi ɗaya ne ga kowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a lallaɓa a kwashe aikinsa a ɗora wa mai ƙwazo. Mai makara ya huta, mai ƙwazo ya ga ladan ƙwazonsa ƙarin kaya ne, bayan 'yan watanni shi ne zai ajiye aiki. Kuskure na biyu shi ne a tara kowa a yi faɗa a dunƙule, "wasu daga cikinku ba sa cika alkawari". Takwas ɗin da ba su yi laifi ba su ji haushi, na taran ya ɗauka ba da shi ake ba.

Idan zama biyu ko uku bai sauya komai ba, sai a hau matakan hukuma: gargaɗin baki da aka rubuta ranarsa, gargaɗi a rubuce, tsarin gyara mai wa'adi wanda galibi kan kasance kwana 30 zuwa 90, sannan gargaɗin ƙarshe. A shigo da sashen kula da ma'aikata tun kafin takarda ta farko, a bi kundin ƙa'idojin wurin da dokar ƙwadago ta ƙasar, a kuma ba shi damar kare kansa a kowane mataki. Hukuncin da aka tsallake mataki a cikinsa yakan rushe ko da laifin gaskiya ne.

Kada kuma a zaci ƙarin kuɗi kaɗai zai tayar da wanda zuciyarsa ta mutu. Frederick Herzberg ya bambanta abu biyu tun 1959: albashi, yanayin wurin aiki da dokokin kamfani idan sun lalace suna jawo ƙorafi, amma gyara su ƙorafin kawai yake kashewa. Abin da ke sa mutum ya zage damtse ya fi alaƙa da aikin kansa, da nauyin da aka amince aka ba shi, da ganin an san abin da ya yi. An yi ta muhawara kan ra'ayin nasa, amma ga tsohon ma'aikacin da aka tsallake, ba shi ragamar wani fanni sukutum, ko horar da sababbi, dabara ce da ta cancanci gwadawa kafin a kai ga takarda.

Injiniyar_Inganci:

Ƙari kaɗan kan abin da Malam ya faɗa na cewa a sanar kwana biyu kafin wa'adi. Sharaɗin ba zai yi aiki ba sai idan wanda ya zo da labarin bai sha wuya ba. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, a binciken da ta yi a asibitoci cikin shekarun 1990, ta tarar da cewa rukunonin da suka fi kyakkyawan jagoranci su ne suka fi yawan kurakuran da aka rubuta. Da ta bi diddigi sai ta ga alamar cewa su sun fi faɗar nasu ne, sauran suna rufewa. Google ma da ya nazarci rukunonin ma'aikatansa kusan 180 a wani bincike da ya fara a 2012, abin da ya fito kan gaba shi ne mutum ya iya tambaya ko amsa kuskure ba tare da tsoron wulaƙanci ba. A masana'antun Toyota akwai igiyar da kowane ma'aikaci ke iya ja idan ya ga matsala, shugaban rukuni ya zo nan take, in ba a warware ba layin ya tsaya. Sashen da shugabansa bai taɓa jin labari mara daɗi ba, to ɓoye masa ake yi.

Idan kuskure ya faru, a bi shi da "me ya sa" har sau biyar ko makamancin haka. Rahoto ya makara. Me ya sa? Alƙaluman sito ba su zo ba. Me ya sa? Sai ranar 28 aka nema. Me ya sa? Wanda ya saba nema an sauya masa aiki, ba a ɗora wa kowa ba. Ka ga da an tsaya a tambayar farko da an bar jaki an daki taiki. Gyaran a nan layi ɗaya ne a jadawali, mai suna da rana.

A yi hattara da ma'auni kuma. Charles Goodhart, masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, ya lura a 1975 cewa ma'auni kan lalace da zarar an mayar da shi abin da ake hukunci da shi. Idan aka ce za a yaba wa wanda ya fi rufe katuna, za a fara yanka aiki ɗaya gida biyar, a guje wa masu wuya. Duk ma'aunin sauri a haɗa shi da na inganci, misali katunan da aka gama tare da waɗanda aka dawo da su don gyara.

Hajiya_Mai_Jadawali:

Malam, na karɓi gyara kan tsayuwar safe, sai dai ko a irin wurin da ka ambata zan so a yi ta kullum a mako biyun farko, har allon ya zauna, sannan a rage.

Ɗan'uwa mai tambaya, kada a zubo duk wannan a rana ɗaya, mutane za su ɗauka sabon shugaba ne ke nuna isa. Gobe da safe allo kawai: kowa ya rubuta duk abin da ke hannunsa, har da ƙananan da ba wanda ya san yana yi, a liƙa, a ƙirga. A mako na farko a fara ganawar mutum biyu, a fara da babban nan, kuma a zaman farko kada a ta da maganar makara, a tambaye shi abin da yake ganin ya fi hana sashen gudu. Iyakar kati biyu ta shigo a mako na biyu. Maganar ranaku da shi ta jira mako na uku, lokacin da allon ya tara shaidar da ba ta bakin kowa ba ce. Katunan shugaba su ma su hau allon, da sunansa da wa'adinsu, a layi ɗaya da na kowa.